Kayan Gida a Kasuwa: Yadda Wani Gida a Tudun Jukun Ya Haɗa Kuɗin Haya

Gidan da wannan nazari ya shafa gidan yayata ne, a Tudun Jukun cikin Zariya. Mijinta malamin firamare ne da ya daɗe a bakin aiki. Ita kuma tana taɓa ɗinki, a da tana haɗawa da sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. 'Ya'yansu biyar. A ƙarshen 2024 mai gidan da suke haya ya aiko da ƙarin kuɗi wanda ya fi ƙarfin albashin malami, ya ba su wata biyu su biya ko su nemi wani wuri. Suka samu gida a Dogarawa, ciki biyu da ɗan falo, a kan naira 350,000 a shekara. Abin da ke hannun maigidan bai wuce ya sallami dillalin gida da motar kwasar kaya ba.

Ga rashin kuɗi, ga kuma kayan da aka tara shekara da shekaru a gida mai ciki uku da sito, waɗanda ko an so ba za su shiga sabon gidan ba. Shawara ta tsaya a kan a sayar. Ni aka ɗora wa riƙe lissafi da zirga-zirgar kasuwa, don haka na san abin da ya shigo da abin da ya fita.

Ya kamata a fara sanin irin kasuwar da suka tarar. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ake samu a hukumance a kan kusan naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Yawancin kayan wuta da na kicin da ke gidajenmu daga waje suke zuwa, ko a haɗa su a nan da sassan waje, shi ya sa kuɗin sabo ya ninka, wani ma ya fi haka. Masu fitar da kayan gidansu sun yi yawa, kowa na neman abin rufin asiri. Amma masu neman na hannu su ma sun ƙaru, domin wanda a da zai shiga shago ya ɗauki sabo a kwali, yanzu gwanjo yake tambaya. Mai sayarwa da bai lura da wannan ɓangare na biyu ba, sai ya ɗauka alfarma aka yi masa don an taya kayansa.

Tayin farko

Malam, kamar yadda Yaya ke kiran mijinta, bai so maƙwabta su ga ana fitar da kaya ba. Ban ga laifinsa ba. A unguwanninmu in aka ga firiza a kan baro an nufi titi da ita, kafin magariba labari ya zaga cewa gidan wane ya karye. Sai ya je Sabon Gari ya ɗauko wani mai saye da sayar da kayan gwanjo, suka iso bayan sallar isha'i. Mutumin ya zagaya da fitilar wayarsa. Ya ɗaga murfin firiza, ya ja igiyar janareta sau ɗaya, ya taka keken ɗinki, ya leƙa shoglas ɗin kwanuka, ya dubi tulin ƙarafan da ke sito. Bai tambayi kuɗin ko ɗaya ba. Ya ce, "Malam, kada mu wahalar da juna. Duka a dunƙule dubu ɗari biyu, yanzu in tura maka. Da asuba yarana su kwashe, ba wanda zai gani."

Ya karanci wanda ke gabansa. Duk wanda ya kira ka da dare sirri yake nema, kuma a cikin farashi ake cire kuɗin sirrin. Malam ya kusa sallamawa, domin lissafin da yake yi a zuci na kuɗin da aka sayi kayan ne: firiza naira 85,000 a 2018, janareta bai kai 30,000 ba, sauran kuwa tsofaffi ne. A wannan ma'auni dubu ɗari biyu ba ta yi kaɗan ba. Daga cikin ɗaki Yaya ta ce, "Malam, a ce masa albarka. Mu kwana mu tashi tukuna."

Ba na ɗaukar mai gwanjon nan a matsayin azzalumi. Yana biyan hayar shago, yana biyan yara da akori-kura, yana iya ajiye kujera wata shida ba mai tayawa, kuma in firiza ta mutu a hannunsa asararsa ce. Dole ya saya da rahusar da za ta ɗauke duk wannan. Abin tambaya shi ne ko mai kaya yana da lokacin da zai yi wannan aikin da kansa ya riƙe ribar. Su Yaya suna da wata biyu.

Washegari na shiga shagunan Sabon Gari da PZ ina tambayar kuɗin sabon kowane abu da ke jerinmu. Firiza irin tata ta doshi naira 400,000. A nan lissafin Malam ya rushe. Kayan hannu da kuɗin sabonsa na yau ake auna shi, domin mai saye da shi yake kwatantawa, bai damu da abin da ka biya shekara shida baya ba. Muka tsayar cewa duk abin da ke aiki lafiya za a fara kiransa a wajen rabin kuɗin sabo, a riƙa sauka gwargwadon tsufansa.

Abu ɗaya aka cire daga jeri tun kafin a fara, wato keken ɗinki. Malam ya so a haɗa da shi don yana da masu so. Zariya garin maɗinka ne, daga masu ɗinkin hannu na manyan riguna a cikin birni har masu shaguna a Tudun Wada, keke mai kyau ba ya kwana. Yaya ta ƙi, kuma ina bayanta. Kayan da ba a buƙata daban, kayan da ke kawo kuɗin cefane daban. Wanda ya sayar da na biyun ya biya hayar bana, baɗi da me zai biya?

Firiza da kayan ɗalibai

Firizar ta daina amfanar Yaya ne saboda wuta ba ta zama a layinsu har ruwa ya daskare, kunun aya kuwa ba ya jira. Wannan ya nuna mana wanda zai saya: mai sana'ar kayan sanyi da ke kan layi mai wuta, ko wanda ya haɗa sola mai ƙarfi. Ba mu san irinsu ba, amma mai gyaran firij ya san su, domin shi suke kira. Aka kira na unguwa, ya canza robar murfi, ya duba gas, aka kashe naira 12,000. Aka jera ruwan leda a ciki, aka jona ta a gidan wani maƙwabci mai babban inji, ta kwana. Da safe ya zo da wani mai shagon lemo daga wajen Kongo, mutumin ya ɗauki leda ɗaya ya ƙwanƙwasa a bango. Ganin idonsa ya fi duk wani yabo da za mu yi wa kayan.

Ya taya 150,000, aka ce albarka, aka yi ta ja har aka kai 170,000. A nan Yaya ta aiko babbar 'yarta ta ce a faɗa masa an taɓa canza kwamfiresa a 2022, ba na kamfani ba ne a ciki. Mai gyara ya ɓata rai, yana ganin ba wanda ya tambaya. Mai saye ya rage dubu goma, ciniki ya faɗa a 160,000. Hujjarta hadisin nan ne da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Ko a lissafin duniya ma ta fi mai gyaran gani. Wanda ka sayar wa kaya a garinku ya san ƙofar gidanka, ya san masallacin da kake salla. Ranar da wani mai gyara ya buɗe bayan firizar ya gaya masa, rigimar da za ta biyo baya ta fi dubu goma tsada. An ba mai gyaran naira 5,000 ladan kawo mai saye. Shi ne kuma ya tsaya aka ɗora ta a tsaye, ya gargaɗi mutumin ya bar ta ta huta wasu sa'o'i kafin ya jona, don man kwamfiresa ya koma mazauninsa.

Ƙananan kayan ɗaki kuwa, katifa biyu, teburin karatu, fanka, da ƙaramar tukunyar gas, kasuwarsu a Zariya ɗalibai ne. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 garin nan ke karɓar baƙi masu zama na shekara huɗu ko biyar, ga tsohuwar kwalejin ilimi a Gyallesu wadda yanzu ta zama jami'a, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Mai kama ɗaki a wajen makaranta katifa da fanka yake fara nema. Sai dai kasuwar tana da lokaci. In an dawo sabon zango kaya suna daraja. In masu kammalawa sun gama jarabawar ƙarshe, su ma zubar da nasu suke yi a kowane farashi don su kama hanyar gida, a lokacin naka ba zai yi kuɗi ba. Su Yaya sun dace da lokacin da ake neman kaya. 'Yarta ta shanya katifun a rana, ta wanke rigunansu, ta ɗauki hotuna da hasken safiya ta sa a WhatsApp, ƙawayenta suka yaɗa. Kowane ɗalibi da ya zo, ɗinkin gefen katifa yake fara buɗewa yana neman kuɗin cizo. An samu tayi mai ɗan tsoka daga Samaru, amma da aka lissafa kuɗin keke napep daga Tudun Jukun a bi ta Kwangila har can, bambancin ya narke, aka sayar wa 'yan Gyallesu da Kongo da ke iya zuwa da kansu. Duka sun kama naira 58,000. Ba a bar ko ɗaya ya wuce zaure ba, a ƙofar gida ake fito da kaya.

Dillaliya da maganar Inna

Nan ne lamarin ya fi nauyi, ko da yake ba nan kuɗi suka fi yawa ba. A shoglas ɗin Yaya akwai kuloli da setin tangaran da ba a taɓa zuba musu abinci ba tun ranar jere, da langa-langa, da wata tasar tagulla. Irin wannan kaya ba mai gwanjo ne ya san darajarsu ba, uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ce, kuma mai isa gare ta dillaliya ce. Sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa, ta ginu a kan cewa akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga da matan da ba sa zuwa kasuwa. Dillaliya ta san gidan da aka sa rana, ta san wadda ta kwashi adashi, ta san wadda ke sayen kwano ɗaya-ɗaya tun 'yarta na aji uku.

Hanya biyu ake bi da su. Ko ki faɗi kuɗin da kike so a kawo miki, duk abin da ta ɗora nata ne, ko a yanka mata la'ada a kan abin da aka sayar. Yaya ta zaɓi ta biyun, naira 100 cikin kowace 1,000, domin a haka ƙaruwar farashi ta amfani su biyun. Aka ƙirga kaya a gaban matar maƙwabci, na rubuta. Dillaliyar ta juya wata kula a hannu ta ce, "'Yar nan, waɗannan ba kayan gaggawa ba ne. Ki bar ni da su, akwai gidajen da ke shirin biki. Kada ki aiko mini yaro kullum." Haka aka yi. Ta riƙa kawo kuɗi kaɗan-kaɗan har suka kai naira 90,000.

Sai dai yawon dillaliya ya kai ta cikin birni, wani gida kusa da na mahaifiyarmu a Ƙofar Gayan. Inna ta shiga barka, ta ga tasar tagulla a cikin ƙullin kaya, ta gane ta nan take, domin daga hannun tata uwar ta fito. Ba ta ce komai a wurin ba. Da ta koma gida ta kira Yaya: "Me ya same ku da har kayan ɗakinki ke yawo a gari ban sani ba? Shi ya sa ki?"

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce ina ruwan uwa da kwanukan 'yar da ta shekara goma sha takwas a ɗakin miji. Kayan ɗaki gumin iyaye ne, musamman uwa, kuma ajiya ce da ake yi wa mace don ranar da ba ta da kowa. Fitarsu kasuwa a ɓoye alama ce da iyaye ke karantawa da cewa ana cin dukiyar 'yarsu. Dole Malam ya je da kansa ya durƙusa ya yi bayani. Inna ta saurara, ta yanke abu biyu. Tasa ta koma hannunta, ba ta sayarwa ba ce. Sannan ta ce, "Malam, muhalli a kanka yake, ba a kanta ba. In ta taimake ka Allah ya saka mata, amma a san sunan abin. Kyauta ce ko rance?"

Tambayar ta yi daidai da shari'a. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama haƙƙin mace ne a kan mijinta, dukiyarta kuma tata ce. Firizar ma da kuɗin adashin Yaya aka saye ta. Da aka ware nata, bayan cire gyara da lada da la'ada, ya kama naira 224,000, fiye da rabin duk abin da aka samu. Yaya ta ce rance ne. Aka rubuta da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a kan bashi. Ni a wurina wannan takarda ita ce mafi muhimmancin abin da ya fito daga lamarin gaba ɗaya. Gidaje da yawa suna sayar da kayan mace a lokacin matsi da baki kawai, kowa ya yi shiru don kunya, sai ranar da aka samu saɓani a ji maganar ta taso a gaban alƙali, ita tana cewa aro ta bayar, shi yana cewa ai tare aka ci.

Sauran tarkace

Wani yaro mai tura kurar gwangwan ya dubi tulin sito ya ce dubu takwas duka. Ba a sallama ba. Yaran gida suka ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika suka bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya: wanda ya manne baƙin ƙarfe ne, mafi araha, wanda bai manne ba aka ware shi gefe. Jan ƙarfe na cikin tsofaffin wayoyi da injin fankar da ta ƙone shi ne mafi tsada, sai fasassun tukwanen alminiyam, waɗanda maƙera ke narkarwa su zuba sababbi. Tsohon batirin mota kuɗinsa daban saboda dalmar cikinsa. Muka kai wurin da ake awo da sikeli, kowane iri aka auna shi shi kaɗai, har da talabijin mai ƙeya da ba wanda ya taya, aka tashi da naira 26,000. In an haɗe su wuri ɗaya, da farashin baƙin ƙarfe ake saye duka. Malam ya hana yaran ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfen, saboda hayaƙin robar guba ne, ya kuma hana su yin ciniki da 'yan gwangwan su kaɗai. Yaron da ya saba karɓar ɗari biyu a kan murfin tukunya, gobe tukunyar ce za ta bi.

Ƙaramin janareta bai yi daraja ba. Tun da fetur ya yi tsada mutane suka juya ga fitilu da fankokin sola. Wani mai aski ya saya a naira 35,000, ya nemi rasit, babu, sai aka rubuta masa takardar cewa an sayar masa, mai unguwa ya shaida. Yana da gaskiya, domin dokar laifuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki karɓar kayan sata da sani a matsayin laifi, kuma janareta na cikin abin da ɓarayi suka fi ɗauka.

Tsohuwar wayar Malam ce kaɗai aka sa a Facebook, kuma ita ta jawo wanda ya zo da alat na bogi. Ya nuna saƙo a wayarsa, wani saƙon ma ya shigo ta Malam. 'Yarsa ta buɗe manhajar banki ta ga ba abin da ya ƙaru. Ya ce matsalar sabis ce, a ba shi wayar kuɗin za su faɗo. Aka ce ya zauna a jira tare. Ya ce zai sayo kati, bai dawo ba. Daga baya wani mai gyaran waya ya saya a 25,000, bayan an cire layi da katin ajiya, an fitar da asusun Google, an goge komai.

Kujerun falo su ne gaggawa ta ci. Suna da girma, yadinsu ya koɗe, duk wanda ya zo gani kuɗin mota da na sabon yadi yake lissafawa. Sai a makon tashi wani kafinta ya ɗauka a naira 30,000 don katakon. Sif ɗin kaya kuwa na garin katako ne, da aka kwance shi ya ƙi komawa, aka bar wa almajirin gidan.

Lissafi

Duk abin da ya shigo naira 424,000 ne. An kashe 32,000 a gyara da lada da la'ada da zirga-zirga, saura 392,000, kuma keken ɗinki da tasa suna nan, alhali suna cikin abin da aka taya dubu ɗari biyu. An biya haya, ragowar ta tafi a kuɗin makarantar yara.

Bambancin kusan ninki biyu ne, amma ba a banza ya zo ba. An yi makonni baƙi na sallama a ƙofar gida, unguwa duk ta sani, abin da Malam ya guda tun farko ya faru, har ya kai shi durƙuso gaban suruka. Gidan da ke da mara lafiya a asibitin Shika ana jiran kuɗin aiki gobe ba shi da wannan sararin, mai gwanjo shi ne gatansa, kuma ba wanda ya isa ya zarge shi. Ga wanda ke da ɗan lokaci amma ba zai iya duk wannan wahala ba, lissafin gidan nan ya nuna inda kuɗin suke: firiza da kayan ɗaki su kaɗai sun kawo 250,000. Waɗannan biyun su ne suka cancanci a nemo musu mai saye da kai. Kujeru da sif da janareta, da an bar wa mai gwanjo tun daren farko a ciniki na daban, da wuya a yi asarar wani abin kirki.

Malam yana biyan Yaya naira 14,000 duk ƙarshen wata, wanda zai ɗauki wata goma sha shida. Kuɗin watannin farko ta sayi yadi da su a Sabon Gari, tana ɗinka hijabai da kayan makaranta tana ba wata mai shago a Dogarawa. Ta ce in bashin ya kai rabi za ta sa wa keken mota.